Takardar Duba Barci

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun jiya cewa in tausaya wa Yaya, na ji ku. Masu cewa Auta ce da laifi, ku ma na ji ku. Ni dai ba alƙaliya ba ce, kuma shafin yau ko ni da na rubuta shi bai min daɗi ba. Ku gyara zama.

*

Kwana biyar ke nan da aka fita da Kumatu a sume daga ɗakin jarirai na gidan reno, kuma har yau bai buɗe ido ba. Yaro ɗan wata goma sha ɗaya, wanda kumatunsa suka jawo masa wannan suna, yana can asibiti na'ura ce ke yi masa numfashi.

Auta kuwa saura mata sati uku ta gama koyon aiki a ɗakin, ta koma kwalejin horar da malaman ƙananan yara da masu reno ta karɓi satifiket ɗinta. Shekara biyu tana wahalar karatun nan. Yau Litinin kwaleji ta ce tana nemanta ƙarfe goma.

Tana tsaye tana guga Yaya ta shigo ta tura ƙofa da ƙafa. Yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce shugabar ɗakin jariran, shekararta tara a wurin. Ita ta samo wa Auta gurbin koyon aikin.

"Maimaita min."

"Yaya, sau uku fa na maimaita."

"Ki yi na huɗu."

Auta ta ajiye dutsen guga.

"Ƙarfe ɗaya da rabi na duba shi, yana numfashi lafiya. Ɗaya da minti arba'in na dawo na tarar ya kife, ya yi amai. Na kira ki."

"Ina ina?"

"Kina ɗakin."

"Ina me?"

"Kina canza wa wata yarinya kunzugu."

"Yawwa. Kada ki ƙara, kada ki rage. Abin da ke kan takarda ke nan."

Takardar nan ita ce masifar. Tun ajin farko ake koya musu a kwaleji: idan jarirai sun yi barci, duk minti goma sai ki zagaya gado gado, ki ɗora tafin hannu a ƙirjin yaro, ki ji yana ɗagawa, ki dubi launin leɓensa, sannan ki rubuta lokaci ki sa hannu. Auta ta ci wannan darasi ɗari bisa ɗari.

Ranar da ta fara aiki kuwa, Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan na littafi ne, Malama Auta. Jarirai goma sha huɗu, mu biyu, ga fida ba a wanke ba. Da zarar sun kwanta ki cike ta duka har ƙarfe biyu da rabi, ki je ki yi aiki mai amfani. Ni ina nan."

Haka ta riƙa yi. Ta cike layi layi da kyakkyawan rubutunta, ta wuce ɗakin wanke-wanke na baya ta buɗe famfo.

Ranar Laraba ba duba yara ya shigar da ita ɗakin ba. Fida ɗaya ta madarar jarirai ce ta ɓace, ta shiga nema a ƙarƙashin gadaje, ta ga Kumatu a kife, ƙeyarsa jiƙe, hannunsa ya saki. Babu babba ko ɗaya a ɗakin. Da yamma Madam mai gidan renon ta cire tsohuwar takardar ta cusa a jaka, ta tsaya a kan Auta har ta rubuta sabuwa wadda ta tsaya a ɗaya da rabi.

Auta ta ɗago ido.

"Yaya, ni dai yau ki faɗa min. Ina kika je?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ɗauka bayi kika zaga. Kwana biyar ina ce wa kaina bayi kika zaga. Amma da na ƙwala ihu, ta ƙofar tsakar gida kika shigo, da alli a hannunki."

Yaya ta zauna a bakin katifa, ta kama gefen zaninta tana murzawa.

"Malamar ajin 'yan shekara uku ta bar aiki, kin sani."

"Tun kafin in zo."

"Madam ba ta ɗauki wata ba. Mataimakiyar ajin tana tashi ƙarfe ɗaya. Daga ɗaya zuwa biyu ni ke riƙe su."

"Ranar Laraba?"

Yaya ta ci gaba da murza zanin.

"Yaya, ranar Laraba kawai?"

"Kullum."

Sai da Auta ta dafa bango.

"Kullum? Sati tara jarirai goma sha huɗu su kaɗai a ɗaki, ni ina baya ina wanke fida, ina cewa kina nan?"

"Barci fa suke yi! Kuma ke kina bayan bango, na ce ko kuka aka yi za ki ji."

"Bai yi kuka ba, Yaya."

"Ki daina faɗa min haka!"

Ihun ya shigo da Mama. Ta tsaya a ƙofa da carbi a hannu, ta dubi wannan ta dubi waccan. Tun ranar Laraba Mama ta san komai, kuma tun ranar ta zaɓi ɓangare.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Ki dubi yayarki da kyau. 'Ya'ya uku, ba uba. Tun da mahaifinku ya rasu ita ke riƙe da gidan nan, ita ta kai ki kwalejin da kike taƙama da ita. Idan bakinki ya kai ta hannun hukuma, ki nemi wata uwar."

"Mama, yaron mutane fa..."

"Yaron mutane yana hannun Allah. Yayarki tana hannunki."

Wallahi maganar nan ta Mama ta ba ni haushi, amma ban san abin da ni zan ce ba da 'ya'yana ne. Auta dai ta saka rigarta da bai gama guguwa ba ta fita, ko ruwa ba ta sha ba.

*

Ba ofis aka ce ta je ba, ɗakin gwaji ne. Nan ɗalibai ke koyon wanka da goyo da canza kunzugu a jikin 'yan tsana na roba masu nauyin jariri. Gadaje shida a jere, kowanne da 'yar tsanarsa, an lulluɓe su zuwa ƙirji. Da can ɗakin dariya yake ba ta. Yau ji ta yi kamar ta juya.

Malamar da ke sa ido kan masu koyon aiki tana zaune a kan ƙaramar kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Ɗalibai na kiranta Jan Biro, don ko waƙafi ka manta sai ta zagaye shi da ja. Shekara ashirin da biyu tana koyarwa, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta.

"Ina kwana, Malama."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Na karanta takardar da gidan renon ya turo. Rubutunki ne?"

"Nawa ne, Malama."

"Ƙarfe ɗaya da rabi kin duba shi."

"Eh."

"Nuna min."

"Na'am?"

Jan Biro ta nuna gado na farko da haɓa.

"Ga Kumatu nan. Nuna min yadda kika yi."

Auta ta taka a hankali. Ta sunkuya, ta ɗora tafin hannu a ƙirjin 'yar tsanar. Roba ce mai sanyi, ba ta motsi. Ta so ta ɗaga hannun ta kasa.

"A wane gefe yake kwance?"

"A... a rigingine."

"Leɓensa?"

"Lafiya lau."

"Me ke hannunsa?"

Auta ta dubi hannun 'yar tsanar.

"Uwarsa ta rubuta a fom cewa ba ya barci sai da wani ɗan tsumma shuɗi. Yana hannunsa ko ya faɗi?"

"Ban... ban lura ba."

"Ke? Ke da kika taɓa rubuta min shafi biyu a kan yadda yarinya ke riƙe cokali?"

Malamar ta ciro waya daga jaka. Ba ta yi tsawa ba, kuma wannan ya fi tsawa tsorata Auta.

"Ranar da zan sallame ku koyon aiki, me na ce ku riƙa turo min?"

"Hoton takardun da muka cike kowace rana."

"Kin turo?"

Auta ta dubi wayar da ke hannun malamar.

Ta manta. Wallahi tallahi ta manta. Da Madam ta cusa tsohuwar takardar a jaka, duk su ukun sun ɗauka magana ta ƙare. Ba wanda ya tuna cewa yarinyar nan mai son a ce ta yi ƙoƙari, duk ranar duniya da ta gama cike takarda sai ta ɗauke ta hoto ta tura wa malamarta kafin ta buɗe famfo.

"A ajinku ke kaɗai ce ba ki taɓa tsallake rana ba," in ji Jan Biro. "Hoto arba'in da uku. Zo ki karanta min na Laraba. Ƙarfe nawa ya shigo?"

"Sha biyu da minti arba'in da ɗaya."

"Takardar ta tsaya a ƙarfe nawa?"

"Biyu da rabi."

"Karanta layin Kumatu, na ƙarshe."

Auta ta karanta a hankali.

"Biyu da rabi. Yana barci. Numfashi lafiya."

"Biyu da rabi likitoci uku ne a kansa suna danna masa ƙirji."

Auta ta zube a ƙasa tsakanin gadajen, ta rufe fuska, kukan da ta riƙe kwana biyar ya ƙwace mata.

"Malama, ki yafe min. Na san ba daidai ba ne, tun ranar farko na sani. Na ce idan na gama, na samu nawa ajin, ba zan taɓa yi ba. Sati goma sha biyu ne kawai, na ce zan daure..."

"Tashi. Ba ni zan yafe miki ba."

"Malama..."

"Na ce ki tashi. Dubi ƙasan hoton. Me kika gani?"

Auta ta goge ido ta duba. Ƙarƙashin kowane hoto akwai ɗan zanen babban yatsa, alamar an gani, an yaba.

"Ni na danna wannan," in ji Jan Biro. "Sau arba'in da uku. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba sai ranar Juma'a."

Auta ta buɗe baki tana kallonta.

"Ɗalibai sittin da biyu gare ni a gidajen reno talatin. Ina cikin mota, ina cikin aji, hoto ya shigo, in danna yatsa in wuce. Na ce ai wannan yarinyar ba ta da matsala, bari in ji da malalata. Da na buɗe na ranar farko, ranar farko kawai, da na ga takardar biyu da rabi ta iso min sha biyu da wani abu. Da washegari ina ƙofar gidan renon nan."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Kullum kina turo min shaida cewa yaran nan ba mai duba su, ni kuma kullum ina ce miki sannu da ƙoƙari. Tun Juma'a abinci ba ya wuce min wuya."

Ni dai a nan na ajiye waya na je na sha ruwa. Matar da ke zagaye waƙafi da jan biro!

"Yanzu ya za a yi, Malama?"

"Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis. Zan kai musu hotunan duka, da yatsun da na danna. Abin da za su yi da ni, su yi."

"Ni fa?"

"Satifiket na bana ki cire shi a ranki."

Auta ta runtse ido. Shekara biyu. Rigar bikin yaye ɗalibai tana can wurin tela an riga an yanka.

"Amma hanya biyu ce a gabanki," Malama ta ci gaba. "Idan kika tsaya a kan takardar ƙaryar nan, ga hotuna, korar ki za a yi, kuma sunanki zai shiga jerin waɗanda ba za a ƙara barin su kusa da yaran mutane ba har abada. Idan kika rubuta gaskiya, ke ɗaliba ce. Doka ta hana a bar ɗaliba ita kaɗai da jarirai, ta hana a lissafa ta cikin ma'aikata. Zan tsaya miki a ba ki damar maimaita shekara."

Ta zaro farar takarda daga fayil, ta ɗora a kan teburin canza kunzugu. Ta ɗora biro a kai, ba jan ba, baƙi.

"Tambaya uku ce. Wa ya koya miki cike takarda tun kafin lokaci. Wa ya sa ki rubuta sabuwa. Wa ya kamata ya kasance a ɗakin daga ƙarfe ɗaya zuwa ɗaya da arba'in."

"Malama, yayata ce."

"Na sani."

"Ita ta raine ni. Ita ta cike min fom ɗin kwalejin nan da hannunta."

"Na sani."

"Za su kama ta."

"Mai yiwuwa."

"Mama ta ce..."

"Yau ma ƙarfe ɗaya za ta yi, ɗiyata. Jarirai goma sha uku ne suka rage a ɗakin. Wa kike tsammani zai kasance tare da su?"

Auta ta dubi agogon bango. Sha ɗaya saura kwata. Ta ɗauki biron, ta rubuta kwanan wata, hannunta ya tsaya. Fuskar Mama take gani, da 'ya'yan Yaya uku da suka yi mata rakiya har ƙofa da safe suna cewa Anti Auta a dawo lafiya.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Muna aiki," in ji Malama.

Aka sake ƙwanƙwasawa, sannan aka turo a hankali.

Mace ce siririya, mayafinta a karkace, takalminta ma kala biyu ne ba ta lura ba. Auta ta san ta. Kullum bakwai da rabi take kawo Kumatu da gudu, ta sumbace shi a kumatu biyu ta ce, Anti, amanata. Cikin kwana biyar ta rame har ƙashin wuyanta ya fito.

A bayanta, a bakin ƙofa, Yaya ce tsaye tana haki.

"Na ce mata kina da uzuri," Yaya ta faɗa da sauri, idonta a kan Auta. "Ta zo gidan reno nemanki, ta nace sai ta gan ki, shi ne na ce bari in rako ta."

Maman Kumatu ba ta ko juya ba. Ta zo ta kama hannayen Auta biyu, biron yana nan a tsakanin yatsunta.

"Anti, ki yi haƙuri na biyo ki har makaranta. Ba sa barina in shiga wurinsa sai sha biyu, na ce bari in zo in dawo. Godiya na zo yi miki tukuna. An ce ke kika gan shi, ke kika ɗauko shi."

"Ya... ya jikinsa?"

"Yana nan yadda yake."

Ta saki hannu ɗaya, ta ciro takarda a ninke daga jaka. Kwafin sabuwar takardar ce, ta sha riƙo har ta yi laushi.

"Madam ta ba ni wannan. Kullum sai na karanta. Ina ganin sa hannunki duk minti goma, ina cewa Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, ɗana bai kwanta shi kaɗai ba."

Jan Biro ta sunkuyar da kai.

"Amma likita ya ce abin da ya gani a hoton ƙwaƙwalwarsa ba na minti goma ba ne. Ya ce yaron ya daɗe bai samu iska sosai ba. Shi ne babansa ya ce to tun daga gida ne. Ranar da safe yana tari, na ba shi magani rabin cokali don in samu in je aiki."

Ta share ido da gefen mayafinta.

"Ya ce ni na yi masa. Kwana uku bai yi min magana ba. Surukata ta ce ko kallona ba ta son yi. Ni ma na yarda, Anti, don ga takarda, ku kun yi naku. Jiya na tsaya a saman benen asibitin na daɗe ina kallon ƙasa."

"Subhanallahi," in ji Malama a hankali.

"Abu ɗaya nake so ki faɗa min, ke kika taɓa shi ƙarshe yana lafiya. Ɗaya da rabin nan, da kika ɗora masa hannu, jikinsa da zafi? Numfashinsa yana ƙara? Idan maganin ne ki faɗa min, kada ki ji tausayina. Ni dai in sani."

Daga bakin ƙofa Yaya ta girgiza kai sau ɗaya, a hankali, hawaye na bin fuskarta. Leɓenta ya motsa ba sauti: Auta, don Allah.

Auta ta dubi takardar da ke hannun matar. Rubutunta ne, mai kyau, layi layi.

"Ba maganin ba ne."

"Na'am?"

"Ban taɓa shi ba." Da ƙyar maganar ta fito. "Ɗaya da rabi ban shiga ɗakin ba. Ɗaya da ashirin ma ban shiga ba. Tun da ya kwanta ban shiga ba. Ina baya ina wanke fida. Takardar nan ƙarya ce, da yamma na rubuta ta."

Matar ta saki hannunta a hankali. Ta dubi takardar, ta dubi Auta, ta sake duban takardar. Ba ta yi ihu ba.

"To idan ba ki shiga ba," ta ce, "wa ke tare da ɗana?"

Idon Auta ne ya ci amanarta, ya tafi bakin ƙofa.

Maman Kumatu ta juya.